Shin da gaske Sarki Akbar na Indiya ya ƙirƙiri sabon addini?

Wani ɗan'uwa ɗalibin tarihi ya rubuto yana cewa: "Malam, a fina-finan Indiya kullum ana nuna Sarki Akbar a matsayin adali mai riƙe kowa, Aurangzeb kuma azzalumi mai rushe wuraren bautar Hindu. Sai kuma na ji wani malami yana cewa Akbar ridda ya yi, ya cakuɗa Musulunci da addinin Hindu ya fito da sabon addini, Aurangzeb ne ya zo ya gyara ɓarnar. Wanne ne gaskiya?"

Malam, kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya, ya saki wani. Akbar bai kafa addinin da talaka ya shiga ba. Abin da ya kafa ya fi kama da ɗariƙar fada, shi ne shehi, manyan fadawansa ne muridai, kuma da ya mutu ta bi shi. Amma a cikinta akwai abubuwan da malamin Musulunci ba zai iya wucewa ya yi shiru ba. Aurangzeb kuwa ya rushe wuraren bauta, wannan ba ƙage ba ne, sai dai a zamaninsa kason 'yan Hindu a manyan muƙaman daula ya zarce na zamanin Akbar. Ba za ka gane ko ɗaya daga cikinsu ba sai ka riƙa tambaya a kowane mataki: a wannan lokacin, me ke barazana ga gadon sarauta?

Daular Mughal ta kafu a 1526, lokacin da Babur, kakan Akbar, ya sauko daga Kabul ya ci Ibrahim Lodi da yaƙi a Panipat. Lura, Musulmi ne ya ci Musulmi. Akbar ya hau karaga a 1556 yana ɗan shekara 13, a ƙasar da Musulmi tsiraru ne, kuma ko su ɗin ba kansu a haɗe yake ba. Akwai sarakunan yaƙi 'yan asalin tsakiyar Asiya da ke ganin su ma jinin sarauta ne, akwai Farisawa waɗanda da yawansu 'yan Shi'a ne, ga Afganawa da aka ƙwace wa mulki suna jiran dama. Yaron da ke son ya daɗe a kan wannan kujera dole ya nemi wasu mutanen da za su dogara da shi shi kaɗai. Sai ya same su a cikin Rajput, sarakunan Hindu mayaƙa na yammacin ƙasar. A 1562 ya auri 'yar Raja Bharmal na Amber, ɗan'uwanta Bhagwant Das da Man Singh suka shiga rundunarsa suka zama manya. A 1563 ya soke harajin da ake karɓa daga masu ziyarar wuraren ibadar Hindu, a 1564 ya soke jizya.

Kada ka ɗauka a nan ya fara barin addini. Akbar na wannan zamanin mutum ne mai ziyarar waliyyai. Da aka haifa masa ɗa namiji a 1569, bayan addu'ar Shehu Salim Chishti, da ƙafa ya taka daga Agra har Ajmer, tafiyar kwanaki da yawa, don ya yi godiya a hubbaren Mu'inuddin Chishti. An ruwaito yana zuwa gidan Shehu Abdun Nabi, babban mai kula da harkokin addini na daula, don sauraron hadisi, har ya taɓa jera masa takalmi da hannunsa. Kuma shi ɗin ne a 1568 ya ci birnin Chittor na Rajput ɗin da suka ƙi miƙa wuya, aka kashe mutane kusan 30,000 bisa lissafin marubucin fadarsa, aka kuma rubuta takardar nasara da harshen jihadi. Rajput da ya bi, suruki ne. Wanda ya ƙi, kafiri ne abin yaƙa. Wannan sarkin da ake yi wa kirari da haƙuri, Chittor na cikin tarihinsa, kuma bai kamata a share ta ba.

Abin da ya juya shi ya faru ne a wani ɗaki da ya gina a sabon birninsa na Fatehpur Sikri a 1575, wanda ake kira Ibadat Khana. Kowane daren Juma'a malamai da sharifai da shehunnan ɗariƙa da manyan fada sukan taru a yi muhawara a gabansa. Da fari Musulmi ne zalla. Akbar bai iya karatu ba, karanta masa ake yi, amma yana da kaifin hadda da son tambaya. Mafi yawan abin da muka sani game da waɗannan darare daga bakin Abdulƙadir Badauni ne, ɗaya daga limaman fada, wanda ya tsani sauye-sauyen Akbar ya rubuta tarihinsa a ɓoye. Saboda haka in Badauni ya faɗi aibin malamai 'yan'uwansa, shaida ce mai nauyi, don ba ɓangaren sarki yake ba.

Ya ce tun a daren farko-farko rigima ta tashi a kan wa zai zauna a ina, sai da sarki ya raba musu kusurwoyi. Manyan malamai biyu na daula, Abdun Nabi da Abdullahi Sultanpuri mai laƙabin Makhdumul Mulk, suka riƙa tona wa juna asiri, wannan ya ce ba a salla bayan wancan, wancan ya ce wannan jahili ne. Aka fallasa cewa Makhdumul Mulk, duk da tarin dukiyarsa, in shekara ta kusa cika sai ya mallaka wa matarsa dukiyar, kafin tata shekarar ta cika ta mayar masa, don kada zakka ta hau kan kowa. Aka kuma ce ya ba da fatawar cewa aikin hajji ya sauka daga kan mutanen Indiya, don hanyar tudu ta ratsa ƙasar 'yan Shi'a, hanyar teku kuma sai da takardar izinin Turawan Fotugal.

Akwai wata muhawara da ta shafe mu mabiya mazhabar Malikiyya. Akbar ya tambaya mata nawa ɗa zai iya aura. Aka ce huɗu. Ya ce shi kam ya wuce haka tun yana saurayi, kuma Abdun Nabi ya taɓa gaya masa akwai malamin da ya halatta tara. Da aka aika wa Abdun Nabi, sai ya ce shi saɓani kawai ya ambata, bai ba da fatawa ba. Sarki ya ji haushi ƙwarai. Sai aka shiga neman mafita ta hanyar auren mutu'a, wasu suka jingina halaccinsa ga Imamu Malik. Wani bafade mai suna Naƙib Khan ya ɗauko Muwaɗɗa ya nuna hadisin da ke haramta shi ƙarara. Duk da haka aka naɗa wani alƙali Bamalike, ya yanke hukuncin da sarki ke so nan take. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya san mutu'a haramun ce a mazhabarmu. Akbar ya samu abin da ya nema, amma ya kuma ga da idonsa cewa fatawa tana lanƙwasuwa in mai mulki ya matsa. Ni a ganina daga wannan daren girman malaman fada ya zube a idonsa, kuma da hannunsu a ciki.

Daga 1578 sai ya buɗe ƙofa. Malaman Hindu suka shigo, da na addinin Jain, da Dastur Meherji Rana, jagoran Majusawan Navsari. Hiravijaya Suri na Jain ya yi tasiri a kansa har ya hana yanka dabbobi a wasu ranaku, shi kansa ya rage cin nama. A 1580 limaman Katolika uku na ƙungiyar Jesuit suka iso daga Goa bisa gayyatarsa, cikinsu da Rodolfo Acquaviva da Antonio Monserrate. Ya karɓi Baibul ɗin da suka kawo da girmamawa, ya ba Monserrate ɗansa Murad ya koyar da shi, ya bar su suna magana a fili ko da sun yi kaushin harshe a kan Musulunci, sai dai ya ja musu kunne don kare rayukansu. Sun yi zaton ya kusa karɓar baftisma. Bai karɓa ba. Aƙidar Allah uku cikin ɗaya ba ta shige shi ba, haka ma maganar ya saki matansa ya bar ɗaya.

Dubi inda waɗannan baƙin suka fito. A Goa, tun 1560 Fotugal ta kafa kotun coci mai binciken imanin mutane, kuma a yankin Salsete an rushe ɗaruruwan wuraren bautar Hindu. Acquaviva ya bar fadar Akbar lafiya lau a 1583, ya koma can, cikin 'yan watanni mutanen ƙauyen Cuncolim, waɗanda aka rushe wa wuraren bauta, suka kashe shi tare da abokan tafiyarsa. A Faransa kuwa, a 1572 aka yi wa dubban Furotesta kisan gilla a Faris da sauran garuruwa. A Sifaniya, tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 jikokin Musulmin Andalus, bayan an riga an tilasta wa kakanninsu shiga Kiristanci. A irin wannan duniyar ne sarki ɗaya ya zaunar da malaman addinai biyar a ɗaki guda ba a zare takobi ba. Ko me mutum zai ce game da aƙidarsa, wannan abin a yaba ne.

A 1579 Shehu Mubarak, mahaifin Abul Fazal, marubucin fada, da Faizi, mawaƙin fada, ya tsara wata takarda da manyan malamai suka sa wa hannu, wasu ba da son ransu ba. Ta ce matsayin sarki adali ya fi na mujtahidi, kuma in malamai suka saɓa, sarki na da ikon zaɓar ra'ayin da ya fi amfanar jama'a, muddin bai saɓa wa nassi ba. Ba da jimawa ba aka tura Abdun Nabi da Makhdumul Mulk Makka, wanda a zahiri kora ce. A 1580 tawaye ya ɓarke a Bengal da Bihar. Asalin ƙorafin sarakunan yaƙin shi ne an rage musu alawus, an kuma tsananta dokar yi wa dawaki lamba don hana su cin kuɗin sojojin da ba su da su. Amma alƙalin Jaunpur, Mulla Muhammad Yazdi, ya ba su fatawar cewa tawaye wa Akbar halal ne, aka yi huɗuba da sunan ƙanensa Mirza Hakim da ke Kabul. Akbar ya murƙushe su, alƙalin ya rasa ransa. Darasin da ya ɗauka shi ne, muddin wani zai iya cire masa rawani da fatawa, kujerarsa ba ta zauna ba.

To a nan ne, wajen 1582, abin da kake tambaya a kai ya fito. Marubutan fada sun fi kiransa Tauhidi Ilahi, sunan Dini Ilahi daga baya ya yaɗu. Mai son shiga yakan zo ranar Lahadi, ya cire rawaninsa ya sa kansa a ƙafar sarki, sarki ya ɗaga shi ya mayar masa da rawanin ya ba shi wata alama. Yakan yi alkawarin sadaukar da abu huɗu saboda sarki: dukiya, rai, mutunci da addini. In muridai suka haɗu, ɗaya ya ce "Allahu Akbar", ɗayan ya amsa "Jalla Jalaluhu". Sunan sarkin Jalaluddin Akbar, saboda haka masu suka suka ce da gangan aka zaɓi kalmomin da za su ɗauki ma'ana biyu. Babu littafi, babu limamai, babu wurin ibada, ba a kuma yi wa talakawa wa'azinsa ba. Manyan da aka san sunayensu a ciki ba su kai 20 ba, kuma Bahinde ɗaya ne tak, wato Birbal. Man Singh, babban jarumin Akbar, da aka yi masa tayi sai ya ce in biyayya ake nufi, ransa ya riga ya ba da, in kuwa addini ne, shi Hindu ne, in sarki ya umarta zai musulunta, amma bai san wata hanya ta uku ba. Ba a taɓa shi ba, ya ci gaba da riƙe manyan larduna.

Wannan shi ya sa nake ce maka mubaya'a ce ta fada da aka sa wa rigar ɗariƙa. Amma ba zan wanke shi tas ba. An riƙa faɗuwa ƙasa a gaban sarki irin ta sujada. Akbar ya riƙa girmama rana da wuta a bainar jama'a, ya sa an tattara masa sunayen rana da harshen Sanskrit yana karantawa. A 1584 ya kawo kalandar rana da ke farawa daga hawansa mulki, ta maye gurbin ta Hijira a harkokin gwamnati, ko da yake a nan akwai dalilin haraji, don amfanin gona da rana yake tafiya ba da wata ba. Kuma sa mutum ya yi alkawarin ba da addininsa saboda sarki abu ne da ba shi da mazauni a Musulunci. Malamin da ya ce an wuce gona da iri bai yi ƙarya ba. Inda ake zarcewa shi ne ɗaukar duk abin da Badauni ya rubuta cikin fushi a matsayin tabbas, kamar yadda wasu ke ɗaukar duk yabon Abul Fazal, wanda aikinsa ke nan ya yabi ubangidansa.

Akwai kuma yanayin zamanin. Shekara ta 1000 bayan Hijira ta faɗo a 1591 zuwa 1592, kuma duniyar Musulmi ta cika da zancen Mahadi da sabon zamani. Akbar ya buga kuɗi da alamar shekara dubu, fadawansa suna nuna shi a matsayin cikakken mutum na wannan zango. Shehu Ahmad Sirhindi, Banaƙshabande da aka haifa a 1564, ya amsa wannan jiran ta wata fuskar. Ya ce abin da dubu ta biyu ke buƙata shi ne komawa ga shari'a da sunna, ya riƙa aika wasiƙu ga manyan fada yana kukan yadda aka ƙasƙantar da Musulunci, mabiyansa suka kira shi mujaddadin dubu ta biyu. Sarki Jahangir, ɗan Akbar kuma magajinsa, ya ɗaure shi a Gwalior a 1619 na kimanin shekara guda.

Abin da ya rayu bayan Akbar shi ne manufar da ake kira sulhu kulli, wato zaman lafiya da kowa: gwamnati ta ɗauki mutum aiki bisa iyawarsa da biyayyarsa, ta bar shi da abin bautarsa. Raja Todar Mal, Bahinde, shi ya tsara harajin ƙasa. An kafa ofishin fassara, aka mayar da Mahabharata, babban littafin Hindu, zuwa Farisanci, aka sa Badauni kansa ya fassara Ramayana yana yi yana istigfari.

Cakuɗuwar addinai ta haƙiƙa kuwa ba a fada ta faru ba, kuma ta girmi Akbar. Kabir, masaƙi ne a Banaras a ƙarni na 15 daga gidan Musulmi, yana waƙa yana sukar malaman Musulmi da na Hindu baki ɗaya, yana kiran Allah da sunayen ɓangarorin biyu. A hubbaren waliyyan Chishtiyya, Hindu da Musulmi tare suke zuwa neman haihuwa da waraka, har yau ma haka ne a Ajmer. A gabashin Bengal, inda Musulunci ya yaɗu tare da sare daji da noman shinkafa, manoma sun riƙa girmama Satya Pir, wanda Musulmi ke ɗauka waliyyi, Hindu kuma ke ɗauka wata siffa ta Vishnu. Masu shiga dajin Sundarban neman zuma da itace, ko wane addini suke bi, Bonbibi suke roƙo ta tsare su daga damisa. Babu sarkin da ya umarci wannan, babu kuma wanda ya iya hana shi.

Muhawarar da irin wannan ke haifarwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙarshen ƙarni na 15 Askiya Muhammadu na Songhai ya tambayi Shehu Magili hukuncin mutanen da ke furta shahada amma suna yanka wa itatuwa da duwatsu. Bayan shekara 300 Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno suka yi ta musayar wasiƙu a kan ko irin wannan gauraye kafirci ne da ke halatta yaƙi, ko kuwa saɓo ne da ke buƙatar karantarwa. Tambayar da ta raba Sirhindi da mutanen Akbar ke nan, kuma a can ma, kamar a nan, amsar takan zo tare da batun wa ya cancanci mulki.

Labarin mabiya addinin Sikh ya fi kowanne nuna yadda abu ke tashi daga zikiri ya koma takobi. Guru Nanak, wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1539, ya yi kira ga Ubangiji ɗaya, ya ƙi bautar gumaka da yadda Hindu ke raba mutane aji-aji bisa haihuwa. Littafin da Guru Arjan ya tattara a 1604 yana ɗauke da baitocin Kabir da na Baba Farid, shehin Chishtiyya. Akbar ya yi zaman lafiya da su. Amma a 1606 Yarima Khusrau ya yi wa mahaifinsa Jahangir tawaye, ya bi ta wurin Guru Arjan, aka ce Gurun ya sa masa albarka. Jahangir ya sa aka kashe Gurun, kuma a tarihin da ya rubuta na kansa ya ambaci dalilan biyu, tawayen da kuma haushin yadda mutane har da Musulmi ke tururuwa wurinsa. Magajin Gurun, Hargobind, ya rataya takubba biyu. A 1675 Aurangzeb ya sa aka fille kan Guru Tegh Bahadur a Delhi, a 1699 ɗan Gurun, Gobind Singh, ya kafa rundunar Khalsa. Cikin shekara 200 jama'ar masu waƙar yabon Ubangiji ta zama al'umma mai ɗamarar yaƙi, kuma hannun gwamnati ne ya tura ta.

Wanda ya yi ƙoƙarin haɗa addinan biyu a ilmance shi ne Dara Shikoh, babban ɗan Sarki Shah Jahan (magajin Jahangir), kuma yayan Aurangzeb. Baƙadire ne, ya karɓi ɗariƙa a hannun Mulla Shah, almajirin Miyan Mir na Lahore, ya kuma rubuta tarihin waliyyai. A 1655 ya rubuta Majma'ul Bahraini, inda ya jera kalmomin Sufaye da na malaman Hindu yana cewa abu ɗaya suke nufi. A 1657, da taimakon malaman Banaras, ya fassara kimanin 50 daga littattafan addinin Hindu da ake kira Upanishad, ya ce su ne "littafi ɓoyayye" da Suratul Waƙi'a ta ambata. Malaman tafsiri ba su fassara ayar haka ba, galibinsu Lauhul Mahfuzu suka ce. A shekarar ce mahaifinsu ya kwanta ciwo, 'ya'ya huɗu suka kama yaƙi, don a gidan Mughal babu dokar cewa babba ne magaji. Aurangzeb ya ci Dara a Samugarh a 1658, a 1659 aka zagaya da shi Delhi a kan ƙazamar giwa, malamai suka yanke masa hukuncin ridda, aka kashe shi.

Ana son a nuna wannan yaƙin kamar Hindu na bayan Dara, masu kishin Musulunci na bayan Aurangzeb. Jerin sunayen bai nuna haka ba. Rana Raj Singh na Mewar ya karkata ga Aurangzeb. Jai Singh na Amber ya fara da Dara, da ya ga inda iska ta kaɗa ya koma, kuma shi ya fatattaki Dara har bakin iyaka. Manyan Musulmi da yawa, har da 'yan Shi'a, sun rabu tsakanin ɓangarorin. Aurangzeb ya kashe ƙanensa Murad ma, shi kuma da hukuncin kisan kai aka fake. Ɗan'uwansu Shuja ya gudu ya ɓace a Arakan. Da Dara bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, da wuya ya tsira.

Aurangzeb mutum ne mai ibada, mahaddacin Alƙur'ani, mai gudun shagali, shi ya sa aka tattara babban kundin fiƙihun Hanafiyya da ake kira Fatawa Hindiyya. Kuma ya yi abubuwan da suka cutar da talakawansa waɗanda ba Musulmi ba. A 1665 ya sa kuɗin fito kashi biyu da rabi cikin ɗari ga ɗan kasuwa Musulmi, kashi biyar ga Bahinde. A 1669 aka rushe wurin bautar Vishwanath a Banaras, a 1670 na Keshava Deva a Mathura, aka gina masallatai a wuraren. A 1679 ya dawo da jizya bayan shekara fiye da 100 da soke ta. Da jama'a suka tare masa hanyar masallacin Juma'a a Delhi suna kuka, an ruwaito ya sa aka kora giwaye cikinsu.

In ka duba lokutan, za ka ga siyasa a ciki. Rushewar Mathura ta biyo bayan tawayen manoman Jat a yankin. A Banaras ana zargin wasu manya da taimaka wa Shivaji, jagoran al'ummar Maratha da ke yaƙar Mughal, ya tsere daga Agra a 1666. Jizya ta zo daidai lokacin da rikici da Rajput na Marwar ya kunno kai, sarki na neman malamai da sojoji Musulmi su taru a bayansa. Shi ɗin ne kuma a 1659 ya aika umarni Banaras cewa kada a taɓa tsofaffin wuraren bauta, kada a tsangwami malaman Hindu, sai dai ba a gina sababbi, kuma akwai takardun filaye da ya ba wasu wuraren bautar. Bisa ƙididdigar masanin tarihi Athar Ali, 'yan Hindu sun kai kimanin kashi 22 cikin ɗari na manyan masu muƙami a zamanin Akbar, a rabin ƙarshe na mulkin Aurangzeb kuwa sun haura kashi 31, saboda yana jawo shugabannin Maratha don ya ci kudu. A kudun kuma daulolin da ya rusa, Bijapur a 1686 da Golkonda a 1687, na Musulmi ne. Shivaji da ake ɗauka gwarzon Hindu yana da Musulmi a cikin sojojinsa da kwamandojin jiragen ruwansa.

Sanin dalilin siyasa ba ya mayar da zalunci adalci. Mutumin Mathura da ya ga an rushe inda kakanninsa ke bauta saboda laifin wasu 'yan tawaye, an zalunce shi, kuma fiƙihun da Aurangzeb ke riƙe da shi ya ba wanda ke ƙarƙashin amana kariyar ransa da dukiyarsa da wurin ibadarsa na da. Kiransa mai gyara kawai, ba tare da ambaton wannan ba, ragi ne a tarihi. Ko ta fuskar mulki ma bai ci riba ba. Ya shafe shekara 26 na ƙarshen rayuwarsa a sansanin yaƙi a Dekkan, wato kudancin ƙasar, baitulmali ya ƙare, ɗansa mai suna Akbar ya haɗa kai da Rajput ya yi masa tawaye a 1681. Ya rasu a 1707, kuma kafin 1720 ta wuce magadansa sun soke jizyar, don ba za su iya riƙe ƙasar ba tare da Rajput da Maratha ba.

Siffofin nan biyu masu tsabta, sarki nagari da sarki mugu, daga baya aka gyara su. Marubutan Ingila na zamanin mulkin mallaka sun raba tarihin Indiya gida uku, zamanin Hindu, zamanin Musulmi, da nasu, suna nuna cewa su suka zo raba faɗa. 'Yan kishin ƙasa irin su Nehru, firaministan Indiya na farko, suka ɗauki Akbar a matsayin uban haɗin kan Indiya. Bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, littattafan makaranta a Pakistan suka ɗaukaka Sirhindi da Aurangzeb suka yi wa Akbar kallon wanda ya kauce. A Indiya ta yau kuma masu ra'ayin fifita Hindu sun mayar da Aurangzeb hujja a kan Musulmin da ke raye: a 2015 aka cire sunansa daga wani babban titi a Delhi, daga baya aka sauya wa birnin Aurangabad suna, masallacin Gyanvapi da aka gina a gurbin wurin bautar Banaras kuma ya shiga hannun kotu, inda masu ƙara ke neman a ba su wurin.